Shiri Kafin Rubutu

Magini ba ya aza tubali sai ya auna fili tukuna. Yakan ɗauki igiya da turaku ya shata ƙasa, ya nuna wa mai gida inda zaure zai tsaya, da inda za a yi turaka, da wurin rumbu, da wurin turken dabbobi. In an ga kuskure a cikin shatar, sai a share da ƙafa a sake wata, ba a yi hasarar kome ba. Amma in aka bari har bango ya tashi, to, gyara ba ya yiwuwa sai da rushewa.

Haka sha'anin rubutu yake. Sau da yawa malami yakan rubuta kan magana a allo, ya ce a yi insha'i. Sai a ga wani yaro ya tsura wa takarda ido, yana tauna gindin alƙalami, har rabin lokaci ya wuce bai rubuta ko jimla guda ba. Wani kuwa sai ya kama rubutu nan take, ya fara da maganar shanu, ya faɗa kan ruwan sama, ya sake komowa kan shanu, har shi kansa ya rasa inda ya dosa. Na farko ya rasa abin faɗa, na biyu ya rasa wanda zai fara faɗa. Maganinsu duka ɗaya ne, watau shiri. Shirin nan kuwa kashi biyu ne. Da fari a tara tunani, sa'an nan a jera shi.

Tara Tunani

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai tara abin faɗa ba, ko ya iya rubutu kamar na magatakarda, ba abin da zai sauka a takardarsa.

Hanya ta farko ta tara tunani ta yi kama da girbi. Sa'ad da manomi yake yankan gero, ba ya tsayawa ya ɗaure kowace zangarniya. Tarawa yake yi wuri guda, sai ya gama sa'an nan ya ɗaure dami dami. Haka yaro zai sami 'yar takarda dabam, ya ba kansa minti 5, ya rubuta kowace kalma da ta faɗo masa a rai game da kan maganar. Kada ya tsaya gyaran rubutu, kada kuma ya raina wata kalma ya ƙi rubuta ta, domin lokacin zaɓe yana nan gaba.

A ce an ba 'yan aji 5 na makarantar Jangeru wannan kan magana: "Kasuwar Shinkafi." Yarinya mai lura tana iya tara waɗannan: shanu, Alhamis, albasa, dillalai, ƙura, raƙuma, gero, motoci, mahauta, mutanen Nijar, tiya, rumfuna, tsire, awaki, 'yan koli, jakuna, wake, rigata ta Salla. Kalmomi 18 ke nan cikin ɗan lokaci kaɗan. Wadda ɗazu take cewa ba ta san kome ba, yanzu ga shi abin faɗa ya yi mata yawa.

In tunani ya tsaya, sai a ɗauko hanya ta biyu, watau tambayoyi shida. Su ne: Mene ne? Su wane ne? A ina? Yaushe? Yaya? Don me? Da su 'yan jarida suke amfani a ko'ina cikin duniya in za su ba da labari, domin labarin da ya amsa su duka bai bar mai karatu cikin duhu ba. Yarinyar nan sai ta tambayi kanta: Yaushe kasuwar take ci? Ranar Alhamis. Su wa suke zuwa? Manoma, da makiyaya, da fatake daga nesa. Don me suke zuwa? Domin su sayar da abin da ya yi musu yawa, su sayi abin da suka rasa. Kowace amsa takan jawo wata kalma sabuwa.

Hanya ta uku ita ce a tambayi gaɓoɓin jiki. Me ido ya gani? Me kunne ya ji? Me hanci ya shaƙa? Ta haka ne kukan shanu a kara, da ƙamshin tsire, da hayaniyar masu ciniki za su shigo cikin insha'i, mai karatu ya ji kamar yana tsakiyar kasuwar.

In kuwa akwai tambayar da yaro ya kasa amsawa, ya gane ke nan inda saninsa ya tsaya. In aikin gida ne, sai ya tambayi iyayensa ko kakanninsa, gama matambayi ba ya ɓata. Abin da bai halatta ba shi ne ya ƙaga amsa daga kansa ya rubuta kamar gaskiya ce.

Jera Tunani

Kalmomin da aka tara suna nan a cakuɗe, kamar kayan koli da aka zube a tabarma. Hanya mafi sauƙi ta jera su ita ce zane, domin ido yakan ga dangantakar abubuwa tun kafin baki ya iya faɗarta. Akwai zane iri huɗu da suka ishi ɗan makarantar firamare.

Na farko shi ne zanen gizo-gizo. A zana da'ira a tsakiyar takarda, a rubuta kan magana a ciki. Daga jikin da'irar a ja layuka kamar ƙafafun gizo-gizo, kowace ƙafa a ba ta suna guda. A kan maganar kasuwa ana iya jan ƙafa huɗu: "rana da wuri", "mutane", "dabbobi", "amfanin gona". Sa'an nan a ɗauki kalmomin nan ɗaya ɗaya, a kai kowace gidanta. Alhamis da rumfuna da ƙura su tafi ƙafa ta farko. Dillalai da mahauta da 'yan koli da mutanen Nijar su tafi ta biyu, tare da motocin da suke kawo su, da tsiren da ake gasawa dominsu. Shanu da raƙuma da awaki da jakuna su tafi ta uku. Gero da wake da albasa su tafi ta huɗu, tare da tiyar da ake awo da ita. Saura kalma ɗaya, watau rigar Salla, wadda ba ta sami ƙafar da za ta karɓe ta ba. Wannan alama ce cewa ba ta cikin maganar, sai a soke ta, ko da mai ita tana ƙaunarta. Wani mutumin Ingila, Tony Buzan, shi ya yaɗa irin wannan zane ta talabijin a shekarar 1974, har ya bazu a makarantun ƙasashe da yawa.

Na biyu shi ne zanen itace. Yana da amfani in abu ya rabu kashi kashi, kowane kashi kuma ya sake rabuwa. A ce kan magana shi ne "Dabbobin Gida". Wannan shi ne gindin itacen. Daga gindin manyan rassa uku suka fita: manyan dabbobi, da ƙananan dabbobi, da tsuntsaye. A reshen farko aka sami shanu da raƙuma da dawaki da jakuna. A na biyu aka sami tumaki da awaki. A na uku aka sami kaji da zabi da agwagi da tantabaru. Wannan zane tsoho ne ƙwarai, da shi masana tarihi suke nuna salsalar sarakuna, kaka a gindi, 'ya'ya da jikoki a rassa. Wanda ya dubi taswirar ƙasar nan ma zai ga irinsa. Ƙoramu suna zuba a Gulbin Gagare, wanda ya bi ta Ƙaura Namoda, waɗansu kuma suna zuba a Gulbin Bunsuru, wanda ya ratsa ƙasar Zurmi. Su biyun suna kai ruwansu Gulbin Rima, daga can ruwan ya gangara har Kwara. Haka ƙananan maganganu ya kamata su zuba cikin manya, manyan kuma su zuba cikin kan magana.

Na uku shi ne igiyar lokaci. Ita ce ta dace da tarihi, da labari, da bayanin yadda ake yin wani aiki. A ja layi dogo daga wannan gefen takarda zuwa wancan, a yi masa ƙulli ƙulli, a kowane ƙulli a rubuta abu guda, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Ga yadda ƙulle-ƙullen za su kasance ga wanda zai rubuta tarihin Ƙaura Namoda:

1804: An fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a cikinsa Namoda, mai sunan garin, ya yi suna wajen yaƙi.
1808: An ci birnin Alkalawa na Gobir.
1903: Turawa sun ci Sakkwato.
1929: Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta bi ta Gusau, ta iso Ƙaura, nan ta tsaya.
1960: Nijeriya ta sami mulkin kai.
1983: An kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙaura.
1996: An cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato.

Yaron da ya jera shekarun nan ba zai sa zuwan jirgi kafin zuwan Turawa ba. Zai kuma ga inda igiyarsa take da giɓi. Tsakanin 1929 da 1960 akwai shekara 31 ba ƙulli ko ɗaya, alhali a cikin shekarun nan ne jirgi yake kwasar gyaɗa da auduga daga ƙasar nan zuwa kudu. Wannan giɓi kakanni ne za su cike shi, waɗanda suka ga tashar da idonsu, ko suka ji labarinta daga iyayensu. Labarin da ke cikin kan tsoho kuwa, in ba a rubuta shi ba, tare da shi yake tafiya.

Na huɗu shi ne zanen da'ira biyu, wanda ake gwama abu biyu da shi. A zana da'ira biyu manya, gefen ɗaya ya shiga cikin gefen ɗaya, har a sami fili uku: na hagu, da na dama, da na tsakiya wanda suka yi tarayya a kansa. A ce za a gwama gero da dawa. A filin hagu a rubuta abin da gero ya keɓanta da shi: yana nuna da wuri, yana son jigawa, zangarniyarsa doguwa ce, da shi aka fi yin fura. A filin dama a rubuta na dawa: tana daɗewa a gona har cikin kaka, ta fi son ƙasa mai riƙe ruwa, kanta a dunƙule yake ko a baje. A tsakiya a rubuta abin da ya haɗa su: duka hatsi ne, ana shuka su da damina, ana tuwo da kunu da su, ana ajiye su a rumbu, ana darni da karansu. Wani masanin lissafi na Jami'ar Kambirij ta Ingila, John Venn, shi ya bayyana wannan zane a shekarar 1880, shi ya sa Turawa suke kiransa da sunansa.

Ba kowane zane ya dace da kowane kan magana ba, kamar yadda ba a sassabe da lauje, ba a kuma yankan ciyawa da gatari. In an ce a siffanta abu, sai gizo-gizo. In an ce a faɗi ire-irensa, sai itace. In an ce a ba da labari, sai igiya. In an ce a gwama, sai da'ira biyu. Saboda haka aikin farko shi ne a karanta kan maganar sau biyu, a gane abin da ake nema.

Daga Zane Zuwa Takarda

Bayan an gama zane, saura abu guda kafin a fara rubutu, watau a sa lamba. Yaro ya dubi ƙafafun gizo-gizonsa, ya tambayi kansa wadda mai karatu yake bukatar ya fara sani. Baƙon da bai taɓa zuwa Shinkafi ba, wuri da rana yake so ya fara ji. Don haka "rana da wuri" ta zama lamba 1, "mutane" lamba 2, "dabbobi" lamba 3, "amfanin gona" lamba 4. Kowace lamba za ta zama sakin layi guda. A gaba a sa gabatarwa 'yar gajeruwa, wadda za ta nuna inda aka dosa. A baya a sa kammalawa, wadda za ta faɗi amfanin kasuwar ga jama'a. Insha'i ya sami kai da gangar jiki da ƙafafu ke nan.

Ga yadda lamba 3 take iya zama in an mai da ita sakin layi: "A gefen kasuwa akwai kara, inda ake cinikin dabbobi. Nan ake ganin shanu da raƙuma, da awaki a ɗaure, da jakuna suna jiran mai saye. Mai dabba ba ya yawan magana, dillali ne yake shiga tsakani har a daidaita." Kowace jimla a nan daga ƙafa guda ta fito, ba wadda ta yi ɓatan kai zuwa wurin albasa.

Wannan al'ada ta jera magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk ɗan makarantar allo da ya kai ga karatun littattafai ya san an raba su babi babi, kowane babi kuma fasali fasali. A cikin Ahalari da Ishmawi maganar tsarki ta riga maganar salla, domin a aikace ma shi ne yake rigaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infakul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, sai da ya fara bayyana ƙasashe da mutanensu, sa'an nan ya shiga labarin jihadi, domin mai karatu ya san filin da abin ya faru. Alhaji Abubakar Imam kuwa, a cikin Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, ya ɗauki labarai masu yawa ya jera su a kan labari guda na aku mai hikima, kamar yadda ake jera duwatsun wuya a zare. Ba domin zaren ba, da duwatsun sun watse.

Amfanin Shiri

Kada a zaci amfanin shiri a cikin aji ya tsaya. A ce wani dattijo a Jangeru ya kira ɗansa ya ce, "Kai, ɗauko takarda ka rubuta wa yayanka na Kano." Yaro ya ce, "To, Baba." Dattijo ya yi ta magana, gaisuwa a nan, labarin biki a can, a tsakiya ya ambaci cewa yana bukatar kuɗin taki kafin ruwa ya sauka, sa'an nan ya koma kan gaisuwa. Yaron da ba ya shiri zai cika takarda da gaisuwa, maganar taki ta shige cikin layi guda ba ranar da aka sa mata. Yaya ya karanta, ya ɗauka ba gaggawa, kuɗi ya iso bayan an yi noman farko. Abincin gida na shekara guda ya ragu ke nan saboda layi ɗaya.

Yaro mai shiri kuwa sai ya saurara har Baba ya gama, ya rubuta kalmomi uku a gefe: gaisuwa, taki, biki. Ya ja layi a ƙarƙashin taki, ya ce, "Baba, buhu nawa, kuma zuwa yaushe?" Sa'an nan ya rubuta, babbar bukata a sarari, da adadinta da lokacinta. Ko da saƙon ta wayar hannu za a aika shi, shirin bai sake ba, gama wurin rubutu a can ya ma fi ƙanƙanta.

Haka kuma ranar jarrabawa. Wani yaro yana tsoron ya ɓata lokaci a kan zane. Amma in an ba da minti 40, wanda ya kashe minti 8 wajen shiri zai yi sauran 32 yana rubutu ba tsayawa, domin ya san abin da ke gaba. Wanda ya yi gaggawa kuwa zai yi ta sokewa yana sakewa, ƙararrawa ta same shi a tsakiyar jimla. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu ɗaya ya rage a sani. Zane bawan mai rubutu ne, ba ubangidansa ba. In ana cikin rubutu wani tunani mai kyau ya faɗo, sai a koma kan zanen a nema masa ƙafa. In ya sami wuri, a shigar da shi. In bai samu ba, a rubuta shi a bayan littafi, wata rana zai zama kan magana na kansa. Ba a kuma bukatar zanen ya yi kyau, tun da ba domin ado aka yi shi ba. Bayan takardar da aka gama amfani da ita ya isa, allo ma ya isa, har rairayin tsakar gida da ɗan tsinke.

Tambayoyi

1. Waɗanne kashi biyu ne shirin rubutu ya ƙunsa?
2. A faɗi tambayoyi shida da ake tara tunani da su.
3. Don me aka soke "rigata ta Salla" daga zanen kasuwa?
4. Wane zane ya dace da kowane ɗaya daga cikin waɗannan: (a) Yadda Ake Dama Fura, (b) Damina da Rani, (c) Ire-iren Sana'o'in Garinmu, (d) Makarantarmu?
5. Shekara nawa ne tsakanin isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda da kafa Jihar Zamfara?

Aiki

A tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a gida abubuwa biyar da suka faru a garin tun suna yara. A jera su a kan igiyar lokaci, sa'an nan a rubuta insha'i mai sakin layi biyar daga igiyar.